Auta ya farka, amma likita ta hana mu tafiya

Mu Hausawan Jazira ne, a nan Sudan. Kakanmu ya baro ƙasar Haɗeja yana saurayi da niyyar sauke farali ta tafiyar ƙasa, ya bi hanyar da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka bi bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya yada zango a Mai Wurno, kusa da Sinnar, don ya tara guzuri. A lokacin an riga an gama gina madatsar ruwa ta Sinnar tun 1925, gonakin auduga suna neman hannu ido rufe. Ya shiga cirar auduga, ya yi aure, 'ya'ya suka zo, guzurin Makka ya koma kuɗin dawa. Haka muka tashi a kambo, wato unguwar 'yan ƙwadago da ke bakin tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, gidajen laka da ciyawa, ba mu da hawasha, wato gonar kanmu, sai aikin lada ko noman raba-daidai da masu gona.

Maganin ƙwari ba baƙonmu ba ne. Tun muna yara jirgin feshi yake wucewa ƙasa-ƙasa a kan auduga, mu bi shi da gudu muna ihu, iyaye mata su yi ta rufe randuna da kwanukan abinci. Bayan ya wuce wari ya cika kambo, wani lokaci a ga kifi ya taso saman ruwan tur'a. Gangunan da aka juye maganin kuwa ba a yar da su, a wanke da toka a zuba ruwan wanki. Da dokar 2005 ta ba manoman Jazira damar shuka abin da suka ga dama, kayan lambu suka yawaita a wajenmu, feshi ya ƙara komawa kan tankin da ake goyawa a baya. Mai shago ya sayi galan, ya riƙa aunawa cikin kwalaben lemo yana sayarwa, ba suna, ba takarda, ba gargaɗi. Ka ce masa tsutsa ce ko farin ƙuda, ya miƙo maka kwalba ya ce wannan mai zafi ne.

Ni ne babba a ɗakinmu. Ina sayar da kayan miya a kasuwar Madani, babban birnin Jazira, can nake zaune da iyalina. Ƙanena, wanda duk muke kira Auta, shi ya rage a kambo tare da Inna bayan rasuwar Baba. A hunturun 2017 bai cika shekara ashirin ba, ya kama aikin feshin tumatir. Ana biya a kan kowane tanki, don haka wanda ya fi sauri shi ya fi samu.

Abin da ya faru a gona daga bakinsa na ji daga baya, da bakin yaran da suka yi aiki tare. Murfin tankin ya tsage, maganin yana bin bayansa tun safe. Kwalbar da ba a sirka ba tana aljihun wandonsa, ita ma tana yoyo, ya ɗauka zufa ce. Bakin famfon ya toshe, ya sa baki ya hura, abin da kowa yake yi. Da rana ta take suka zauna suka ci kisra, wato gurasar dawa, da hannayen da aka ɗauraye a ruwan Abu Ishirin, ƙaramar magudanar da ke bakin gona, ba sabulu. Kafin la'asar kansa ya fara sarawa, ya ce yana gani dishi-dishi. Ya daure ya ƙarasa tankin da ke bayansa, don kada a yanke masa kuɗi. A hanyar gida ya fara amai, ya durƙushe.

A kambo aka yi masa abin da aka gada. Wata ta kawo nono, wani ya dama ruwan gishiri don ya amayar, wata ta ce man riɗi. Aka tallafe kansa ana ɗura masa yana shaƙewa. Duk wanda ya miƙa hannu a ranar da ƙauna ya miƙa, na sani. Amma ba wanda ya cire masa rigar da ta jiƙe da guba. Da ita a jikinsa aka ɗora shi a karo, wato amalanken jaki, aka nufi shafakana, ƙaramin asibitin ƙauyen da ke kusa.

Ma'aikacin da suka tarar a can, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Da ya buɗe idon Auta ya ga ɗan baƙin tsakiya ya tsuke har da ƙyar ake ganinsa, bai tsaya tambaya ba. Ya yi masa allurar atirofin duk ɗan abin da ke cikin akwatinsa, ya kwantar da shi a gefen hagu don kada amai ya koma huhu, ya rubuta 'yar takarda, ya ce a nemi bokis, wato mota a-kori-kura, a tafi Madani yanzu, kuma kada a sake sa masa komai a baki. Nan Kawu ya kira ni. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba saboda alkunyar ɗan fari, amma ran nan na ji muryarta a bayan wayar tana cewa, "Ku ce masa ya tsaya a ƙofar asibiti, kada ya matsa."

Ana kiran isha suka iso. Na leƙa bayan motar ban gane ƙanena ba. Yawu yana dalala, hawaye yana zuba ba kuka ba, jikinsa jagab da zufa a cikin sanyin hunturu, ya yi fitsari da bayan gida a kwance. Naman fuskarsa da na cinyarsa yana ɓal-ɓal shi kaɗai. In ya ja numfashi sai ka ji ruwa yana kakari a ƙirjinsa. Ga wani wari mai kama da tafarnuwa da kananzir.

A sashen hawadis, wato na gaggawa, wata likita matashiya ce ta karɓe mu. Abin da na gani a mintunan farko har yau ina iya jera shi. Sista ta sa safar hannu, ta yanke rigar da wandon da almakashi, ta cusa su cikin leda ta ɗaure. Aka sa masa iskar oksijin, aka zuƙe ruwan da ke maƙogwaronsa da inji, aka nemi jijiya a hannu biyu aka ɗaura ruwa. Wasu suna wanke shi da sabulu, har gashi da ƙarƙashin farce. Yaran da suka ɗauko shi ma aka ce su je su wanke hannuwansu da jikinsu, su sake kaya, domin ɗaya ya riga ya fara ƙorafin ciwon kai. Wani ya yi maganar takardar 'yan sanda, urnik 8, likita ta ce a je a kawo, amma ita ba za ta jira takarda ba.

Sai atirofin. Kwalaben ƙanana ne, kowace ba ta wuce miligiram ɗaya ba, sista tana fasa su ɗaya bayan ɗaya tana zuƙewa, fasassun kwalabe suna taruwa a faranti. Likita ta fara da kaɗan, ta sa abin sauraro a ƙirjinsa, ta duba bugun zuciya, ta sa hannu a hammatarsa. Bayan minti biyar ba canji, ta ce a ninka. Bayan wasu biyar ta ce a sake ninkawa. Na tsorata da yawan allurar, na ce, "Dakta, ba zai yi masa yawa ba?" Ba ta ɗago ba ta ce, "Sai ƙirjinsa ya bushe." Na asibitin ya kusa ƙarewa, aka rubuto mini takarda na fita da gudu zuwa shagunan magani na bakin titi, na kwashe abin da na samu. Kafin tsakar dare kakarin ya lafa, bugun zuciyarsa ya haura tamanin, hammatar ta bushe. Daga nan aka zuba maganin cikin ruwan da ake ƙara masa, yana shiga a hankali.

Da ta sami sarari ta ja ni gefe. Tambayarta ta farko, cikin murya ƙasa-ƙasa, ita ce ko sha ya yi da gangan. Na ce a'a, feshi ne. Ta ce dole ta tambaya, domin wanda ya sha kulawarsa ta wuce ta jiki kawai, kuma iyalai suna ɓoyewa saboda kunya har lokaci ya ƙure. Ta nemi kwalbar. Kwalbar lemo ce ba rubutu, sai washegari Kawu ya je wajen mai shago ya ɗauko hoton galan ɗin a waya, mai jan layi a ƙasa da hoton ƙoƙon kai. Ta duba ta ce abin da ta zata ne, dangin oganofosfet, dangin malatiyon da kowa ya sani, sai dai wannan ya fi shi dafi nesa ba kusa ba.

Ta yi mini bayani da abin da na sani. Ta ce jijiya tana aika saƙo ga tsoka da huhu da hanji ta hanyar wani sinadari, akwai kuma wani da ke share saƙon da zarar ya isa. Gubar nan wannan mai sharewar take kamawa. Ta ce ka ɗauka an buɗe bakin tur'a an karya ƙofar, ruwa yana ta shiga hawasha ba mai rufewa. Shi ya sa yawu da majina da hawaye suke ta zuba, mutum ya nutse a cikin ruwan huhunsa. Atirofin ba ya fitar da gubar, yana tare ɓarnar ne har jiki ya sake gina abin da aka lalata masa. Akwai wata allura, firalidoksim, mai iya ƙwato sinadarin in an yi ta da wuri, ita ma an rubuta mana, mun sha yawo kafin mu same ta. Game da nonon da ruwan gishirin kuwa ba ta ɓoye mini ba. Ta ce nono ba makari ba ne, kuma sa wa wanda hankalinsa ya gushe abu a baki ko tilasta masa amai, hanya ce ta tura gubar da man da aka narka ta a ciki zuwa huhu. Haka kuwa aka yi, daga baya zazzaɓi ya rufe shi, hoto ya nuna ciwon huhu a gefen dama, aka ƙara masa wasu alluran. Ta ce duk da haka mu gode wa Allah, wannan gubar tana da makari. Ƙwayar da ake sa wa a buhunan hatsi mai fitar da hayaƙin fosfin, da maganin ciyawa farakwat, su ba su da shi.

Dare na gaba Auta ya rikice. Jikinsa ya yi zafi, fatarsa ta bushe, yana fisge-fisge, yana kama abubuwa a iska, yana magana da Baba. Aka ɗaure hannuwansa da bandeji a jikin gado. Inna ta ce iska ce ta shige shi a bakin tur'a, Kawu ya ce a nemo malam. Sista, wata dattijuwa da ta iya lallashi, ta riƙe hannun Inna ta ce, "Ya Hajja, ki yi masa addu'a duk yadda kike so, amma wannan maganinmu ne ya ɗan yi yawa, kin san sakaran?" Sakaran shi ne zaƙami, kuma atirofin danginsu ɗaya, abin da ke haukata wanda ya sha zaƙami shi ne yake sa majinyaci sambatu in allurar ta zarce. Aka tsayar da ruwan na ɗan lokaci, aka mayar da shi a ƙasa da yadda yake. Inna ta zauna a gefen gado tana tofa masa Ayatul Kursiyyu, ba wanda ya hana ta. Kafin asuba ya yi barci.

Da safe ya buɗe ido ya ce, "Yaya, ina ne nan?" Ya gane kowa. Ya nemi shayi. Inna ta yi sujada a kan siminti. Labari ya kai kambo cewa Auta ya warke, mata suka zo da kisra da miyar kuɓewa busasshiya. Kawu, wanda shi ne uba a gare mu yanzu, ya kira ni waje ya ce, "Kai Babba, tunda ya tashi a sallame mu. Kuɗi sun ƙare, gona na jira, sauran jinyar a ƙarasa a gida." Shi ma Auta cewa yake a mayar da shi gida, warin asibiti ya ishe shi.

Likita ta ce a'a. Ta ce wannan gubar tana da zuwa na biyu, yawanci tsakanin awa 24 zuwa 96 bayan ta shiga jiki, kuma yana zuwa ne daidai lokacin da iyali suka saki jiki. Ba yawu, ba amai, ba alamar da za ta tsorata kowa, tsokoki ne kawai suke mutuwa a hankali, har a kai ga waɗanda ke jan numfashi. Kawu ya ce yaro yana zaune yana hira, wane irin mutuwar tsoka. Ta ce in ya matsa akwai takardar da zai sa hannu cewa ya fitar da shi ba da yardar likita ba, amma ita tana roƙonsa da Allah ya bari. Ban taɓa musu da Kawu ba sai ranar. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, kuɗin a wuyana." Ya yi shiru, ya saɓa rawaninsa ya fita.

Gwajin da take yi masa ba shi da na'ura. Ta sa tafin hannunta a goshinsa ta ce ya ɗago kai daga matashi ya ture ta. Sannan ta ce ya ja numfashi ɗaya ya ƙirga har inda ya tsaya. Ta koya mini, ta ce in riƙa yi masa duk bayan 'yan awoyi, in na ga rauni in kira ko wa ke aiki. Da farko yana ture hannuna da ƙarfi yana dariya. Washegari da azahar kan ya ɗago da ƙyar ya koma. Da la'asar bai ɗago ba sam. Fatar idonsa ta sauko, muryarsa ta koma ta hanci, ruwa ya ƙi haɗiyuwa, ƙirgan da yake kaiwa nesa ya tsaya bai kai goma ba. Hankalinsa kuwa garau, yana kallona. Ya ce, "Yaya, iska ba ta isa ta." Da a kambo yake a wannan sa'ar, tsakaninsa da titin kwalta akwai tafiyar karo.

Wannan karon atirofin ba shi da abin yi. Aka ba shi maganin barci, aka zura masa bututu ta baki zuwa maƙoshi. Na'urorin numfashi na ɗakin inaya, wato ɗakin kulawa ta musamman, duk da mutane a kansu. Sai aka haɗa bututun da wata jakar roba da ake matsawa da hannu. Wani ƙaramin likita ya fara, da aka kira shi wajen wani majinyaci ya ɗora hannuna a kai ya ce, "Ka matsa a hankali ka ga ƙirjinsa ya ɗago, ka saki, ka ƙirga biyar, ka sake. Kada ka yi sauri, kada ka tsaya." Haka muka kwana, ni da ɗan Kawu da wani abokin Auta, muna karɓa-karɓa, sista tana zagayowa tana duba ɗan abin da aka maƙala masa a yatsa, tana zuƙe majina. Hannu yana ƙagewa, ka canza zuwa ɗayan ba tare da ka rasa ko numfashi ɗaya ba. Barci ya zo, ka ciji leɓe. Wuta ta ɗauke sau ɗaya kafin janareta ya tashi, na ci gaba da matsawa a cikin duhu ina jin ƙirjinsa da ɗaya hannun. Can tsakar dare Kawu ya shigo, ashe bai koma kambo ba, a masallacin asibiti yake. Ya naɗe hannun jallabiyarsa ya ce, "Nuna mini yadda ake yi." Da hantsi gado ya samu a inaya.

Ya haura mako a kan na'ura. Mu kuwa muna ƙarƙashin bishiyar dalbejiya a harabar asibiti tare da sauran masu jinya, kowa da tabarmarsa. Kuɗi suka zo daga inda ban zata ba: abokan kasuwa suka yi karo-karo, matan kambo suka ba Inna kwasar adashi ba layinta ba, wani ɗan'uwanmu da ke Jidda ya aiko. A cikin masu jinyar akwai mahaifiyar wata yarinya da ta sha irin wannan maganin bayan wani ɓacin rai a gida. Uwar ba ta iya haɗa ido da kowa. Inna ce ta matsa kusa da ita ta riƙa raba abinci da ita, ba ta taɓa tambayarta komai ba. Na kuma ga yadda sistocin suke yi wa yarinyar magana a tausashe, ba gori ba tsawa, har aka kawo mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa ya zauna da ita kafin a sallame ta. Ta rayu.

A hankali aka riƙa rage wa Auta taimakon na'urar, yana ja da kansa, har ranar da aka cire bututun. Muryarsa ta dishe, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, sai da muka riƙa tallafarsa zuwa bayi. Da za a sallame mu likita ta ce kada ya kusanci feshi na tsawon watanni, domin sinadarin da gubar ta kama a hankali yake dawowa, kaɗan ma yanzu zai iya kayar da shi. Ta ce in ya ji ƙafafunsa suna mutuwa ko kamar ana tsira masa allura bayan mako biyu ko uku mu dawo. Ya ɗan ji hakan a tafin ƙafa, ya wuce da kansa.

Mai gonar ya zo dubiya, ya ajiye abin da ya sawwaƙa, ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, mai kyau da marar kyau. Amma murfin tanki a tsage yake tun kafin ranar, kuma an faɗa masa. Safar hannu da takalmin roba da sabulu a bakin gona ba za su taɓa ribar tumatir ɗinsa ba. Ni da nake sayar da tumatir na san ana fesa shi yau a tsinka gobe a kawo mana kasuwa, alhali a jikin galan an rubuta kwanakin da ya kamata a jira. Wannan ma yana ci mini rai.

Auta bai sake goya tanki ba, lodin albasa yake yi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Madani a Disambar shekarar, muka gudu Gadarif da abin da hannu ya iya ɗauka. Bayan sojoji sun karɓe garin a Janairun 2025 muka dawo muka tarar da asibitoci an wawashe su, magani ya yi wuya fiye da da, feshi kuwa yana nan yadda yake. Dattawan kambo suka amince aka yi karo-karo aka sayi kwalin atirofin aka kai shafakana, Auta ne ke zuwa duba ranar lalacewarsa. A hunturun da ya wuce ɗan maƙwabcinmu ya faɗi a gonar kuɓewa. Auta ya riga kowa isa, ya tuɓe shi, ya kwara masa ruwa da sabulu, ya juya shi gefen hagu. Gwaggon yaron ta taho da ƙwaryar nono, ya tare ta ya ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, ba zai sha ba." Ta yi fushi da shi har Sallah. Auta ne ya raka yaron Madani, kuma da uban ya fara maganar sallama a kwana na biyu, ya ɗora tafin hannunsa a goshin yaron ya nuna wa uban gwajin, ya ce sai an cika kwana huɗu. Ciwon yaron bai kai ga na'ura ba, a rana ta biyar aka sallame su.